Gafaka Mai Jan Zare

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙon Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi. Na rubuta shi ne saboda ku, 'ya'yan yayana Usman, da ɗiyata Safiya wadda ba ta kai ga karatu ba tukuna, domin na ji ana cewa a gidanmu na'urar Ikhlas, wato ni, ce ta cinye littafin Kaka. An faɗi haka a wurin suna, aka yi dariya, ni ma na yi. Amma magana idan ta daɗe tana yawo a bakin mutane sai ta zama tarihi, kuma ba haka aka yi ba. Na'ura ba ta ci komai ba. Laifin nawa ne, sai dai ba irin wanda ake zato ba ne. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ambaci wanda ya gaya mini, inda na manta kuwa zan ce na manta.

Kakanmu Malam Sambo ya baro ƙasar Sakkwato yana saurayi, a ƙafa, da niyyar Makka. Ya tsaya tsinkar auduga can gabas, a gonakin Jazira da ruwan madatsar Makwar ke shayarwa, domin ya sami guzuri, tsayuwar ta zama zama. Daga baya ya gangaro ƙauyenmu na bakin kogi kusa da Abu Hujar, ya auri kakarmu wadda duk muke kira Haboba, ya kafa makaranta a zauren gida. Ya rasu ina da shekara shida ko bakwai. Mahaifiyata ta ce shida, Baba ya ce bakwai, ban iya raba su ba. Ya bar gafaka biyar ta fata rataye a bangon ɗakinsa, kowace cike da littattafai rubutun hannu. Ku da kuka saba da littafi ɗinkakke, ku sani waɗannan ba haka suke ba. Warƙoƙi ne sake, a jera su, a sa tsakanin kwali biyu, a ɗaure da tsirkiya. Mahaifina manomi ne. Ya yi karatun allo, yana karanta ajami sarai, amma tun rasuwar Kaka bai taɓa kwance ko gafaka ɗaya ba. Yakan ce shi bai kai ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya kakkaɓe musu ƙura ranar Juma'a.

A shekarar da nake magana na gama jami'a, inda na karanta ilimin tsara ɗakunan karatu, na dawo gida ina jiran aiki. Daminar ta yi ruwa ƙwarai, bangon ɗakin Kaka ya jiƙe, kuma wata safiya na ga hanyar gara ta hau har kusa da gafaka ta farko. A makon ne wani ɗan baffana da ke aiki a ƙetare ya aiko mini da na'urar karanta littattafai, 'yar siririya, fuskarta ta gilashi toka-toka, tana iya ɗaukar littafi dubbai. Na je wa Baba da magana yana gyaran bututun ban-ruwa a gona. Na ce ya ba ni izini in ɗauki hoton kowace warƙa da waya, in haɗa hotunan kowane littafi wuri ɗaya, in zuba su cikin na'urar, ko da gara ta yi ɓarna rubutun bai salwanta ba.

Ya ce, "Ke kika yi karatun abin. Ki yi alwala kafin ki taɓa su, khalas, shi ke nan."

Haboba ba ta gida a lokacin. Tana jinya a Sinja wurin Goggo Hajara, an yi mata aikin ido, an hana ta tafiya har kwana arba'in. Wannan ba uzuri ba ne, domin Goggo tana da waya, kuma kiran minti biyu ya isa. Ban kira ba. Ban ga abin da tsohuwar da ba ta karatu za ta gaya mini game da littattafai ba. Na rubuta wannan jimlar ne da nauyin zuciya, amma ita ce gaskiya.

Dole in bayyana muku yadda na'urar ke tsara abin da ke cikinta, domin a nan maganar take. Hanya biyu ce. Akwai jaka, wadda littafi ke shiga guda ɗaya tak, kamar yadda akuya ba ta kwana a garke biyu. Akwai kuma alama, wato kalma da ake liƙa wa littafi, ita kuwa ana iya liƙa masa goma. A jami'a an koya mana cewa littafi yana zama ne tare da 'yan'uwansa na fanni. Da na kwance gafaka ta farko na tarar da fiƙihu kusa da lissafin taurari, nahawu kusa da magani, sai na ce a raina tsofaffi ba su san tsari ba. Na buɗe jaka shida a na'urar: fiƙihu, tauhidi, nahawu, lissafi, magani, waƙoƙi. Na yi kwana goma sha tara ina aiki da safe a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar tsakar gida, inda haske ya fi kyau, da la'asar kuma in zuba abin da na gama. Littafi arba'in da ɗaya ne, na ƙirga sau uku. Da a nan na tsaya da babu abin da zan rubuta yau. Amma na roƙi Usman ya sayo dulab, wato kabad, na ƙarfe a kasuwar Sinja, na naɗe kowane littafi da farar takarda, na jera su cikinsa fanni fanni daidai da jakunkunan na'ura. Gafakun biyar kuwa na kakkaɓe su, na mayar da su bango babu komai a ciki. Na yi alfahari da aikin. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo suna kirana ustaza.

Cikin littattafan akwai ɗaya da ba na Larabci ba. Waƙoƙin wa'azi ne da Hausa, rubutun ajami, da hannun Kaka, warƙa ashirin da biyu. Shi kaɗai ne na Hausa a cikin arba'in da ɗayan. Da na nuna wa Baba sai ya zauna a kan angarib, gadon nan na igiya, ya fara karantawa a fili, kuma tun bai kai ƙarshen shafi ba muryarsa ta canja. Ya ce haka babansa ke magana, da irin kalmomin da yanzu ba mai faɗa, har ya tsaya yana fassara wa Usman wasu da Larabci, domin Usman, ku yi mini afuwa, Larabcinsa ya fi Hausarsa nisa. Daga ranar Baba ya ɗauki littafin ya zama nasa na Juma'a. Yakan karanta shi da hantsi bayan an sha jabana, wato gahawa, yana lasar yatsa kafin ya juya warƙa. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na waɗannan makonni ba.

Ranar da Haboba ta dawo, kafin ma ta sha ruwa, na ja hannunta zuwa ɗakin Kaka domin ta ga dulab da sabon idonta. Ta dubi dulab ɗin. Ta juya bango, ta kai hannu ga gafakar da ke rataye ita kaɗai bayan ƙofa, wadda aka ɗaure bakinta da jan zare. Ta matsa ta, ta ji ta lafe.

"Ina kayan Haruna?"

Na ce, "Wane Haruna, Haboba?"

"Ke, malamar gilashi, mi kika yi da kayan cikin wagga gafaka?"

"Suna cikin dulab. Na jera kowa da fanninsa."

"Kin gauraya su da na Malam?"

Na ce e. Sai ta zauna a ƙasa, a kan turɓaya, ita da aka ce kada ta sunkuya. Ta ce a kira mata Baba daga gona.

Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Haboba na ji shi, sau biyu, kuma bai saɓa ba. Malam Haruna abokin Kaka ne, tare suka yi tsinkar auduga. Lokacin tana amarya ya sauka gidan nan kan hanyarsa ta gabas. Ya bar matarsa da jariri wurin danginta a wajen Rusairis, ya bar wa Kaka littattafansa amana har ya dawo daga Makka. Ta shigo da ruwan sha ta tarar da su suna ƙirgawa, littafi bakwai. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin Kaka ne ya kwafa masa da hannunsa a matsayin kyautar rabuwa. Ita ta ba da jan zaren daga kayan saƙarta. Haruna bai dawo ba, labari ya zo cewa ya rasu a can. Kaka ya aika neman iyalin sau biyu aka ce sun tashi. Bai ƙara buɗe gafakar ba, kuma a ciwon ajalinsa ya ce mata ta kula da kayan Haruna. A ranar ne kuma na ji cewa sauran gafakun ma ba a hargitse suke ba. Kowace ta mutum ɗaya ce: ta mahaifin Kaka, ta malaminsa na farko, ta wanda ya karantar da shi a kan hanya, da ta abin da ya kwafa da kansa. Shi ba fanni yake dubawa ba, hannun da littafi ya fito yake dubawa. Tsari ne cikakke, ni ce ban iya karanta shi ba.

Baba ya ce, "Inna, shekara sittin da wani abu ba wanda ya zo."

Ta ce, "Amana tana tsufa ne? Da tana ɗaure sai in ce ta jira. Yanzu da ta hita, a nemo masu ita tun ina da rai. Ba ni zuwa in iske Malam ya tambaye ni in rasa abin hwaɗi."

Aka ba 'yan kasuwar da ke zuwa Damazin da Rusairis saƙo, su tambaya cikin unguwannin Hausawa. Ni kuwa aka bar ni da aiki ɗaya: in fitar da bakwai daga cikin arba'in da ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku watannin da suka biyo baya ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ina wanke-wanke sai in tsinci kaina ina ƙoƙarin tuna wane littafi na fara zarowa bayan na kwance jan zaren, kuma kullum wani daban nake gani. Na buɗe jakunkuna shida na na'urar, kowace tsaf, kowace ba ta da amsa. Na shinshina takardun ko ƙamshi zai bambanta su. Na gwada girman kwalayen da bakin gafakar, ashe duk suna shiga. Haboba ba ta sake yi mini faɗa ba, wannan ya fi mini zafi. Takan dai leƙo da safe ta ce, "Ustaza, gilashin ya yi magana?" in ce tukuna.

Abin da ya taimake ni ba ilimin jami'a ba ne. Wata rana ina latse-latse cikin gajiya na ga na'urar tana iya jera littattafai bisa ranar da aka zuba su, ba tare da kula da jaka ba. Tunda gafaka ɗaya nake gamawa kafin in kwance wata, jerin ranakun shi ne jerin gafakun. Sai na tuna na taɓa ganin sunan Haruna a ƙarshen wani littafin nahawu, na ɗauka sunan mai kwafa ne kawai. Na nemo shi, na duba ranarsa. A ranar na zuba littafi biyar, kuma ita ce ranar da na fara sabuwar gafaka, domin na tuna washegarin hutun da na yi ne saboda haihuwar Bashir, babbanku. Biyar sun tabbata. Na kusa yin guɗa.

Sai na duba rana ta biyu, na ga littafi huɗu. A ranar na ƙarasa gafakar Haruna da wuri, na kwance ta gaba da ita, wato ta abin da Kaka ya kwafa da kansa, na zuba duka huɗun a lokaci ɗaya. Biyu na Haruna ne, biyu namu. Ɗaya yana da sunan Haruna a gefen warƙar farko, ya zama na shida. Ɗaya Kaka ya rubuta a ƙarshensa cewa ya kwafa shi shekarar da aka haifi Baba, wato bayan tafiyar Haruna, ya zama namu. Saura biyu, dukansu da hannun Kaka, babu suna, babu shekara. Ɗaya na lissafin taurari ne da lokutan shuka. Ɗayan shi ne waƙoƙin Hausa, littafin Baba na Juma'a. Ɗaya daga cikinsu shi ne kyautar rabuwar da Haboba ta ambata.

Na yi mako biyu ban gaya wa kowa ba. Wannan ma dole in rubuta shi. Ba wanda ya iya duba na'urar sai ni. Da na ce na taurari ne na bakwai, da kowa ya yarda, kuma akwai hujjar da za ta yi daɗin ji: matafiyi ya fi bukatar taurari. Amma akwai kishiyar hujjar, cewa wanda zai rabu da aboki cikin ƙasar da ba a jin harshensu, da harshen gida zai yi masa kyauta. Na auna su har na gaji, babu wadda ta rinjayi wata. Ranar Juma'a ina jin Baba yana karatu a rakuba, ni ina ɗaki na toshe kunne. A ƙarshe na same shi a gona, inda na fara neman izini, na zayyana masa komai kamar yadda na zayyana muku.

Ya ce, "Zuciyarki ta fi karkata ina?"

Na ce, "Baba, zuciyata tana son abin da kake so, shi ya sa ban yarda da ita ba."

Ya koma kan bututunsa. Juma'ar da ta biyo bai ɗauko littafin ba.

Bayan girbin dawa saƙo ya dawo. An sami jikan Malam Haruna, sunansa Tahir, manomi ne a wani ƙauye kusa da Rusairis. Ya zo da kansa a motar kasuwa, magidanci mai yawan dariya, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce kakarsu takan ce suna da littattafai a wajen Abu Hujar, su kuwa suna ɗauka ruɗin tsufa ne. Ya durƙusa ya gaida Haboba, ta riƙe kansa ta yi kuka, ta ce goshin Haruna ne sak. Bayan an ci abinci Baba ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce in kawo littattafan. Na kawo shida. Ya ce in kawo sauran biyun. Ya jera takwas a gaban baƙon, ya sa ni na maimaita bayanin da bakina, har da maganar dulab da kiran da ban yi ba.

Tahir ya ce, "Ya Hajji, ma'alesh, ai abin bai kai nan ba. Bakwai aka ce, ku ba ni bakwai. Ku riƙe na Hausar, wallahi ni ajami ko alif ban sani ba. Na yafe."

Baba ya ce, "Ku nawa ne jikokin Malam Haruna?"

Ya ƙirga da yatsu, ya ce goma sha ɗaya, biyu sun rasu sun bar yara.

"To kai ka yafe naka. Na marayun wa zai yafe?"

"To ku riƙe ɗaya, kowanne ne. Ai ɗaya naku ne tabbas."

"Ɗaya namu ne, amma ban san wanne ba. In na ba ka namu, kyauta na yi, ni da 'yan'uwana mun riga mun yi shawara. In na riƙe naku fa? Babana ya tsare shi shekara da shekaru bai buɗe ba, sai ni in ci a rana ɗaya?"

Tahir ya dube ni, ya dubi Baba, dariyar ta ɗauke masa. Haboba ta sa aka sauko da gafakar. Baba da kansa ya zuba takwas ɗin, na Hausar a ƙarshe, ya ɗan daɗe da shi a hannu kafin ya saka. Haboba ta ɗaure da jan zaren nan, wanda ya riga ya koɗe ya koma kalar ƙasa.

Da baƙon ya tashi tafiya na bi shi bakin ƙofa, domin akwai abin da ke damuna. Na ce hotunan littattafansu suna cikin na'urata, in goge ko in bari? Ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce bai taɓa ganin gidan da ake neman izinin inuwa ba. Amma da ya ga ba wasa nake ba ya ce zai tambayi sauran. Bayan kwana tara ya aiko da saƙon murya: manyan duk sun yarda, waliyyin marayun ma ya yarda. Na adana saƙon, yana nan.

Daga baya na rushe jakunkunan nan shida. Na bi jerin ranaku na sake gina jaka biyar, kowace da sunan mai gafakar kamar yadda Haboba ta faɗa, na mayar da littattafan dulab gafakunsu. Fannonin da na yi alfahari da su na mai da su alama, tunda alama ba ta raba littafi da gidansa. Da haka na yi tun farko da aikin jami'a da na Kaka sun zauna tare. Littattafan nan biyu kuwa ban sa su a kowace jaka ba. Idan kun buɗe na'urar za ku gan su a waje su kaɗai, kowanne da alamar da na rubuta masa: ban tabbata ba. Ina roƙonku kada wani ya ga kamar mantuwa ce ya gyara. Haboba ta rasu damina ta gaba, kuma da ita aka binne mutum na ƙarshe da ya ga ƙirgar.

Baba bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Ya yi wata uku bai nemi waƙoƙin ba. Wata Juma'a da hantsi, bayan jabana, ya ce in kawo masa gilashin, in ƙara girman rubutun. Na zauna gefensa na riƙe masa. Ya karanta shafin farko har ƙarshe da muryar nan tasa, sannan ya lashi yatsa ya kai gefen na'urar yana neman bakin warƙa. Ya yi ta nema. Na ce Baba, taɓawa ake yi. Ya ce ya sani. Har yau kowace Juma'a sai ya lashi yatsan, ni kuma in goge gilashin da gefen mayafina.